Tsagar Torfi

Bakki, 24 ga Agusta

Oddny,

Bergljot ta gidan Gil ce ke rubuta mini wannan, don idona ya ƙi ƙananan baƙaƙe, waya kuma kin san ba na jin komai a cikinta sai shuuu. In ta gama za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Yaya nauyin jiki? Ni lafiyata lau ban da ƙugu. Ciyawa ta shiga rumbu a bushe.

To, abin nan da kika yi wa ƙungiyar makiyaya bai yi ba. Ke kika ce a daina fama da tsohon littafin tsaga da ruwa ya cinye, za ki zuba tsagar kunnen tumakin kowace gona a kwamfuta, ranar rabo, in an sauko da tumakin kowa daga dutse a cakuɗe, a buga a manna a ƙofar kowane shinge. Kowa ya tafa. Ni ban tafa ba, amma ban hana ba, tunda jikata ce.

Ranar Alhamis muka taru a ɗakin ƙungiya, Ketill ya cusa wa kwamfuta filas ɗin da kika aiko da aikin a ciki. Ya danna Holt, ta fito. Ya danna Gil, gonarsa, ga kunnuwa biyu rangaɗau a zane. Gona goma sha takwas duk sun fito. Ya danna Bakki, tamu, sai wani ɗan farin akwati ya faɗo da rubutun Turanci. Kafin in gyara tabarau ya kashe shi, abin ya rufe gaba ɗaya.

Na ce, “Ketill, me ya ce?”

Ya ce, “Shirme ne irin na inji.”

Na ce, “Shirmen ba shi da kalmomi?”

Ya ce, “Hallbera, sha kofinki, zai huce.”

Shekarata tamanin da uku, ba a taɓa tuna mini kofi ba sai ran nan.

Yanzu ki saurara. Filas ɗin nan kwana tara ya yi a gidan Ketill kafin taron. Tsagar kakanki Torfi da ta Gil iri ɗaya ne a kunnen dama. A na hagu kawai suka bambanta, tamu ta lanƙwashe kamar ƙugiya, tasa a miƙe take. Kin san rigimar tunkiya mai yagaggen kunne, wadda Ketill ya ja zuwa shingensa, kakanki ya shekara uku bai ce masa sannu ba. Kuma tun da muka binne Torfi sau biyu Ketill yana tambayata ko zan sayar masa da garken.

Bana sun kafa doka, duk tunkiyar da tsagarta ba ta kan takarda, a kora ta shingen ƙarshe, shugaban rabo ya yanke ta wace ce. Wa ne shugaban rabo? Ketill. Masu jan tumakin kuma rabinsu 'yan birni ne da ke zuwa shan iska, ba su san kunne ba sai takarda. Ni ƙuguna ba zai shiga tsakiyar tumaki dubu huɗu ba. Tumakina arba'in da ɗaya ne a kan dutse, da 'ya'yansu. Za a sauko da su ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba.

Ki faɗa mini gaskiya: mutum zai iya buɗe abin nan ya zare gona ɗaya? Ba na son dogon bayani. I ko a'a.

Ki ci abinci. Ki daina ɗaga abu mai nauyi.

Kakarki,
Hallbera

Oddny, ni ce Bergljot. Na rubuta duk yadda ta faɗa, har da na yayana Ketill.

Reykjavik, 25 ga Agusta

Kaka tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun ya yi sauƙi. Ni ƙalau nake, sai dai likita ta hana ni doguwar tafiya a mota sai na sauka, da tuni na zo da kaina.

Amsarki: a'a, da wuya. Ketill ko hoto a wayarsa sai Bergljot ta buɗe masa, ina zai iya fasa manhaja ya zare gona ɗaya?

Ina karanta wasiƙarki na kunna tawa kwamfutar na danna Bakki. Ga tsagar nan ta fito, da lanƙwasarta da komai. Sau biyar na gwada. A wurina lafiya lau take aiki. Abin da nake zato shi ne wani abu ya lalace a can, wataƙila wajen kwafa daga filas zuwa kwamfutar ƙungiya, ko an zare shi bai gama ba. Yakan faru.

Tunda babu intanet a ɗakin ƙungiya, na sa sabon filas a ambulan da sunanki, zai iso ta gidan waya ranar Laraba ko Alhamis. A goge na farkon a sa wannan. In akwatin nan ya sake fitowa, don Allah wani ya kwafo mini abin da ya ce, harafi da harafi. In babu wannan, lalube kawai nake yi.

Kada ki sa abin a ranki. Ki gaida Bergljot, ki yi mata godiya.

Jikarki,
Oddny

Bakki, 30 ga Agusta

Oddny,

Har yanzu Bergljot ce ke rubutawa, tunda ba ni da wata. Na gaishe ki.

Kin ce a'a, kuma kin ce wani abu ya lalace a can. Wa ke can? Wa ya kwafa? Wa ya zare? Kin ba ni amsa ba ki sani ba.

Ambulan ya iso ranar Alhamis. Ban ba kowa ba. A aljihun rigar girkina ya kwana, na danne da fil. Yau na sa Ketill ya ɗauke ni a motarsa zuwa ɗakin ƙungiya. A gabansa na yage ambulan da haƙorina, na ce ni zan cusa. Sau uku ina juya shi kafin ya shiga. Na ja kujera na zauna har hancina na taɓa gilashin.

Holt ta fito. Gil ta fito. Na ce, “Bar yawo, danna Bakki.”

Ya danna. Farin akwatin nan ya faɗo. Na ce, “Kada ka taɓa!” Wallahi kafin in rufe baki ya kashe.

Na ce, “Hannunka ciwo yake yi?”

Ya ce, “Sabo ne.”

Na ce, “Jikata ta ce a kwafo mata rubutun. Sake dannawa, Bergljot ta kwafa.”

Ya ce shi zai aika miki da kansa. Na ce a karanta mini tukuna. Ya kalli ƙanwarsa, ta kalli silin. Ya ce Turancinsa ba shi da kyau. Mutumin da ya shekara huɗu a jirgin kamun kifi yana sauke kaya a Ingila! Sai ya ce wai kada in damu, ko takarda ko babu takarda ya san tumakina. Na ce, “Abin da ke damuna ke nan, ka san su sarai.”

Ga abin da na gane. In ba filas ba ne, to kwamfutar ce, kuma makullin ɗakin a wuyansa yake. Ya sa mata wani abu da ke ƙin Bakki. Kada ki ce mini ba ya iyawa. Surukinsa na aiki a ofishin gunduma, kwamfuta yake dannawa tun safe har yamma.

Wani abu kuma. Ni ba na ganin abin da ake rubuta mini, ba na ganin abin da ake karanta mini. Wa ya san ko abin da na faɗa ne ke isa wurinki, ko abin da kika rubuto ne ke isa kunnena? Rubuta, Bergljot, kada ki tsaya kallona. In da gaske wannan ta iso ki yadda take, ki faɗa mini a amsarki sunan karen da ya cije ki kina shekara shida.

Saura sati biyu. In abin bai gyaru ba zan sa a ɗauke ni da kujerata a ajiye a tsakiyar tumakin, su tattake ni, kowa ya gani.

Kakarki,
Hallbera

Oddny, Bergljot ce. Wannan ita ce ta ƙarshe da zan rubuta mata. Shekara goma sha ɗaya ina kai mata madara ina yanke mata farcen ƙafa.

Gil, 1 ga Satumba

Zuwa ga Oddny, jikar Torfi,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki.

Ban saba rubuta wasiƙa ba, ki yi haƙuri da gajartarta. Na koma ɗakin ƙungiya ni kaɗai na danna Bakki, na kwafo rubutun a takardar da ke haɗe da wannan. Layi shida ne. Biyar ban gane su ba. Na ƙarshen na gane shi. Cewa yake ba a sami wani yanki mai suna Torfi ba.

Shi ya sa na kashe. Ran farko mutum goma sha huɗu ne a ɗakin, kakarki na zaune a kujerar da Torfi yake zama. Ban ga yadda zan buɗe baki in ce mata inji ya ce an nemi Torfi ba a same shi ba. Rana ta biyu ma na kasa. Na san yadda abin ya zama a idonta.

Gaskiya ne na nemi ta sayar mini da garken. Na ga yadda take hawa matakalar rumbu ne. Ban taɓa kwamfutar ba sai abin da kika rubuta a yi, kuma surukina bai shiga ɗakin ba.

Ban san me sunan kakanki yake yi a cikin injin ba. Ke kika sani. In za a gyara a gyara kafin goma ga wata, don ranar nake hawa dutse da masu koro tumaki, ba zan sauko ba sai Juma'a.

Ki huta lafiya.

Ketill na Gil

Reykjavik, 2 ga Satumba

Kaka,

Na gaishe ki. Sunan karen Kolur, kuma ba cizo na ya yi ba, rigata ya ja, ke kika ce cizo ne don a ɗaure shi. Wannan wasiƙar ta gidan waya na aiko ta, da manyan baƙaƙe, ki karanta da kanki a bakin taga ko da zai ɗauke ki yini guda.

Laifina ne. Ba na Ketill ba, ba na Bergljot ba, ba na kwamfutar ƙungiya ba. Ketill ya aiko mini rubutun akwatin, ina ganin layin ƙarshe na gane. Cewa yake ba a sami yanki mai suna Torfi ba. Ya ƙi karanta miki ne don kada ki ji wannan a gaban mutane.

Ga yadda aka yi. Manhaja ba abu ɗaya ba ce, yanki-yanki ce, kowane da aikinsa. In na gama, akwai wani abu da ke ƙunshe mini su wuri ɗaya don su yi aiki a kwamfutar wani. Yana bin rubutuna ne layi-layi, duk yankin da na ambata a fili ya ɗauka ya sa a ƙunshin. Wanda ban ambata a fili ba, bai san da shi ba.

Tsagar gonaki goma sha takwas duk daga yanka iri ɗaya ake haɗa su, yanki ɗaya ya ishe su. Tamu ce kaɗai mai lanƙwasa, babu mai yin irinta yanzu. Da na ga dama da na zana ta a miƙe in rubuta bayani a ƙasa, amma da ta zama ta Gil sak. Sai na zauna na rubuta mata yanki nata ita kaɗai, na sa masa sunan Kaka Torfi, don shi ya koya mini riƙe wuƙar tsaga. Manhajar ba ta neman yankin nan sai an danna Bakki, sannan take karanta sunansa daga jerin gonaki. Mai ƙunshewa ba ya duba jerin gonaki. Sai ya ɗaure komai ya bar shi a nan.

A wurina yana aiki ne don yankin na zaune a kwamfutata, in an kira shi yana kusa. Sau biyu na aiko miki ƙunshi iri ɗaya da rami iri ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, na ce miki wani abu ya lalace a can alhali ban bincika ba. Na faɗa ne don ban so ya zama ni ce.

Yanzu na ambaci sunansa a fili na sake ƙunshewa. Na ɗauki filas ɗin zuwa gidan uwar mijina, na sa a tsohuwar kwamfutarta da ba ta taɓa ganin kayan aikina ba, na danna gona goma sha tara ɗaya bayan ɗaya. Duk sun fito. Shi ne a cikin ambulan nan, na ɗaura masa jan zare.

Kaka, ki je ki ga Bergljot.

Jikarki mai kunya,
Oddny

Bakki, 16 ga Satumba

Oddny,

Ketill na Gil ne ke rubuta mini wannan a teburin kicin, don Bergljot har yanzu ta baya take bi in ta hango ni. Rubutunsa a hankali yake kamar mai dasa dankali. Na gaishe ki. Kin sauka ko har yanzu?

Na karanta taki da kaina, kwana biyu ta ɗauke ni. Cizo ne.

Ban yarda nan take ba. Na ce ta yiwu ku biyu kun shirya, tunda ya rubuta miki a bayan idona. Sai na ƙi kai filas mai jan zare ɗakin ƙungiya, na sa aka kai ni gidan fasto muka fara gwadawa a kwamfutarsa. Bakki ta fito. Na sa ya ƙara mata girma har kunnen ya cika gilashin, na ga ƙugiyar. Sannan muka je ta ƙungiya, nan ma ta fito, aka buga aka manna.

Da an karanta mini rubutun nan tun ran farko da ba a yi wannan wahalar ba. Ba a sami Torfi ba. To wa ya fi ni sani? Ni na zaɓi akwatin gawarsa, ni na sa masa safa.

Ranar Asabar na zauna a kujera a ƙofar shingena. Duk wadda aka jawo sai na shafa kunnen hagu kafin ta shiga. 'Yan birnin nan sun bi takarda, ba su yi kuskure ba sai sau biyu. Da yamma na ƙirga iyaye, arba'in da biyu.

Ta arba'in da biyun Ketill ne ya jawo ta da kansa. Wayar shinge ta yage mata kunnen hagu, ba a gane miƙe ko lanƙwasa. Amma ni na san fuskar tumakin Gil, dogon hanci gare su kamar masu su.

Na ce, “Wannan ba tawa ba ce.”

Ya ce, “Takarda ba ta ce tawa ba ce.”

Na ce, “Kai ne shugaban rabo, ba takarda ba.”

Ya ce, “To na yanke. A madadin waccan.”

Waccan, wai mai yagaggen kunne ta shekara ashirin da shida da suka wuce. Ban ce komai ba a gaban mutane. Yanzu zan faɗa, tunda shi ke riƙe da biro. Waccan ma tasa ce. Torfi ya gane tun a mota muna komawa gida, ya ce mini uwarta ya tuna, ta Gil ce. Amma ya riga ya ɗaga murya a gaban mutanen kwari duka, sai ya gwammace shekara uku na shiru. Ni ma na yi shirun tare da shi.

Ya ajiye biro. Ɗauki ka rubuta, Ketill, ban gama ba.

Ga yadda abubuwa suke, kowa ya ji. Ketill na bi na tunkiya ɗaya mai dogon hanci, ya zo da tirela gobe ya ɗauki abarsa, tana cin ciyawata. Ni ina bin sa almakashin askin tumaki na Torfi da ya ara kafin rigimar bai dawo da shi ba, kada ya ce ya ɓata, na gan shi a rataye a rumbunsa. Ke Ketill na bin ki ban haƙuri, ki rubuta masa daban, ba ta hannuna ba. Bergljot na bi na safa biyu na ulu da magana ɗaya. Safar na gama saƙa ɗaya. Garke ba na sayarwa ba ne, bana dai.

Sunan da kika sa wa abin nan, ki bar shi yadda yake. Amma duk ran da za ki sake ɗaure kayan, ki duba da idonki yana ciki. Mutumin nan da ransa bai taɓa kwana biyu a Reykjavik ba, ke kin riƙe shi wata guda.

In kin sauka a gaya wa Ketill, zai zo ya faɗa mini da ƙarfi.

Kakarki,
Hallbera